Yadda Na Kusa Daskarar da Surukina a Hanyar Jos

Tun da na dawo daga Jos ban huta ba. A ɗakin malamai tambaya, a masallacin unguwarmu ta Liman Abaji nan Keffi tambaya, har mai shayin bakin titi sai da ya ajiye kofi ya ce, "Malam Lawal, wai da gaske ne an kama ka da surukinka cikin bargo ɗaya?" Na san wanda ya watsa maganar, abokin aikina ne Mista Pam malamin lissafi, kuma za mu haɗu. Amma tunda kowa na ƙara nasa gishirin, gara in faɗi abin da bakina tun daga tushe, kowa ya huta.

Surukina, wanda matata Adama da ƙannenta ke kira Baffa, Bafulatani ne makiyayi, rugarsu na can bayan Agwada. Tun kafin in auri 'yarsa yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu. Haske da duhu kawai yake rarrabewa, shanunsa ma da kuka da shafa yake gane su. Bai taɓa ganin fuskata ba, kuma ko yana gani ba zai kalle ni ba, don kunyar da ke tsakanin Bafulatani da surukinsa sai wanda ya shiga ya sani. Ba ya cin abinci a gabana, ba ya kiran sunana, bai taɓa taka ƙofar gidana ba. Adama kuwa 'yar fari ce, nata ya fi nawa tsanani. In zai tambayi lafiyarta sai ya ce, "Ya mutanen Keffi?"

Farkon daminar nan Mista Pam ya kawo labari cewa wasu likitocin ido baƙi sun sauka a wani asibiti a Jos suna cire yana, amma ƙarshen mako za su tattara su tafi. Ya ce gidan mahaifiyarsa na kusa da asibitin, masauki ba matsala. Matsalar Baffa ce. An taɓa sa shi a bas za a kai shi ganin likita, zafi da warin fetur suka tayar masa da zuciya, a Garaku ya ce a tsaya zai kama ruwa. Da ya sauka sai ya riƙe sandarsa ya ce wa ƙanen Adama ya ja shi gida, kuma a ƙafa suka koma. Wannan karon sai da aka haɗa shi da dattawan ruga kafin ya amince.

Adama na da tsohon ciki, ba za ta iya tafiya ba. Ƙanenta kuma yana tsaron shanu kada su faɗa gonakin mutane. Saura ni.

"Malam," in ji ta, "in ya sauka a hanya wannan karon, shi ke nan, ba zai ƙara yarda ba har abada. Don Allah kada ka bari zafi ya taɓa shi."

Motata tsohuwa ce mai baƙin gilashi, haka na saye ta, kuma na'urar sanyinta, wato esi, ta daɗe da rasuwa ba a yi mata zaman makoki ba. Sai na nufi Angwan Iya wurin Danjuma, wani ɗan ƙabilar Mada mai gyaran esi a gindin mangwaro, wanda ke rera waƙoƙin coci yana aiki, yana kuma yabon kansa tsakanin baiti da baiti. Ya buɗe bonet, ya danna wani ɗan hanci a jikin faif, ko fis bai ce ba.

"Oga Tica, gas naka ya gudu tun zamanin da. Ko numfashin sauro babu a ciki."

"A cika shi," na ce. "A cika sosai. Suruki zan ɗauka."

Wannan kalmar ce ta kashe ni. Danjuma ya miƙe ya goge hannu a wando. "Suruki? Ka zo wurin da ya dace. Zai sa maka albarka har ya gaji."

Ya ɗaura tiyo biyu, ja da shuɗi, masu agogo a kai. Ya sa wani ɗan inji ya zuƙe iskar da ta cika faif ɗin, ya bi gaɓoɓin da kumfar sabulu har ya ga inda take hurowa, ya zare wani zoben roba da ya tsufa ya sa sabo. Sannan ya murɗa kan silindar gas, allurar agogo ta fara hawa. Na tsaya ina kallo kamar ana yi wa ɗana ƙarin ruwa. Gas ya shiga, amma kwamfireso, injin da ke tura gas ɗin, ya ƙi tashi. Bincike ya nuna maɓallin kunnawa ya mutu, haka ma abin da ke yanke sanyi in ya isa. Ya ce kayan sai an aiko daga Abuja, ni kuma gobe da safe zan kama hanya.

"Ba wahala," in ji shi. "Zan yi maka dairek."

Ma'anar dairek ita ce, da zarar ka tada mota esi ya tashi da dukan ƙarfinsa, ba ragi, ba tsakiya, ba hutu. Ya nuna min wata jar waya kusa da batir. "In kana so ya mutu, buɗe bonet ka zare wannan. Amma wa zai so? Kuma kada ka buɗe gilashi, gas zai gaji." Ban tambaye shi yadda gas ke gajiya ba, don a lokacin faif ya fara gumi, wata iska mai daɗi ta bugi fuskata, na ji kamar in rungume shi.

Kafin in isa gida Adama ta riga ta buga waya ruga. Ƙanenta kuma ya buɗe muryar wayar kowa ya ji: Malam ya sa wa motarsa sanyi na musamman saboda Baffa.

Da hantsi na isa rugar. Aka fito da shi cikin farar riga shara-shara, da rawani da sanda, da wata 'yar kwalba ta man shanu da ya ce tsarabar likita ce. Aka zaunar da shi gidan gaba, daidai bakin ramukan iskar. Na gaishe shi ina kallon sitiyari, ya amsa yana fuskantar taga, muka tashi.

Gaskiya farkon tafiyar ya yi daɗi. A waje rana na dukan masu noma, mu a ciki sai ka ce masu mulki. Da muka iso Garaku na rage gudu, ina jira ya ce zai kama ruwa. Sai na ji ya ce, "Madalla." Kalma ɗaya, amma na ji ta har cikin ƙashina. A Akwanga na saya masa gasasshiyar masara da ayaba, na ajiye masa a cinya, na fita na zagaya bayan wata tirela na yi kamar ina waya har sai da na tabbata ya gama. Wannan tsayuwar ce ɗumi na ƙarshe da jikina ya samu a ranar.

Muna barin Akwanga hadari ya haɗo, rana ta ɓace, yayyafi ya sauko. Esi kuwa bai san an yi ba. Yatsuna suka fara ƙagewa a kan sitiyari, hancina ya fara zuba. Na saci kallon Baffa, na ga ya ja jelar rawani ya rufe ƙirji, ya zauna ƙyam.

"Baffa, sanyin bai yi yawa ba?"

"Alhamdulillahi. Allah ya saka da alheri."

To, a nan ne masu dariya ke cewa me ya hana ka tsaya ka zare wayar. Ku da kuke Keffi kun fi kowa sanin wanda ke kashe esi da baƙo a mota: mai tsumin mai. Har suna gare su a ɗakin malamai. In na tsaya na buɗe bonet na kashe abin da duk ruga ta ji an sa dominsa, bayan ya ce Allah ya saka da alheri, me zai ɗauka? Cewa litar fetur ta fi shi daraja a wurina. Kuma mutumin nan a rana ya tashi, a ruwan sama ya yi kiwo, na ce wataƙila shi daɗinsa yake ji, ni ne rago. Na cije na ci gaba.

A shingen da ke kan iyaka, inda ake barin jiharmu, wani jami'i ya ɗaga hannu saboda baƙin gilashin. Na sauke nawa ɗan kaɗan, ina tsoron kada gas ya gaji. Ya sunkuyo zai ce in kawo takarda, sanyi ya mare shi a fuska, ya ja da baya. Ya sake leƙowa a hankali, ya ga mutum cikin fararen kaya, fuska a rufe, ba motsi.

"Oga," ya ce da ƙaramar murya, "gawa ka ɗauko? Me ya sa ka zaunar da shi a gaba?"

"Salamu alaikum," in ji Baffa daga cikin rawani.

Jami'in nan bai tsaya amsa sallama ba. Takardar da na miƙa ma bai karɓa ba, sai daga nesa yake kaɗa mana hannu, "Ku je, ku je, Allah ya kiyaye!"

Hawan Kibo kuwa ba zan manta da shi ba. Mota na nishi, kwamfireso na shan rabin ƙarfinta, manyan motoci na rarrafe a gabanmu, hazo ya rufe dutse. A saman hawan mata masu sayar da dankali da karas da kabeji duk sun sha rigunan sanyi da hulunan ulu, suna hura hannu. Mu muka wuce su gilashi a rufe, esi na aiki. Na ƙara tambayar Baffa ko lafiya, ya ce lafiya lau, sai dai na lura lau ɗin ta fito da ɗan kaɗawar haƙori.

Mahaifiyar Mista Pam, Mama Kaneng, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, gajeriya mai faɗi, muryarta ta fi ta girma. Ita ta buɗe wa Baffa ƙofar mota da kanta. Ta kama hannunsa za ta taimaka masa ya fito, sai ta saki ƙara.

"Yesu! Wannan hannu ne ko kifin firij? Kai ɗana, laifin me baban nan ya yi maka?"

Na buɗe baki zan yi bayani, haɓata ta ƙi tsayawa. Man shanun likita ya daskare a kwalba, ko an kifa ta ba ya motsi. Muna shiga falo Baffa ya yi atishawa ta farko, ya ce a gafarce shi.

Mutanen Jos sai a bar su. Ɗakunan Mama ba fanka ko ɗaya, sai barguna a jibge. Ruwan alwala ma sai an ɗora a wuta. Mu a Keffi in an haɗu ana cewa ya zafi, su kuwa ya sanyi suke gaisawa, kuma duk wanda ya ce min ya sanyi a ranar sai in ji kamar da gangan yake yi. Ta dafa mana gwaten acca da yakuwa da gauta, ta nuna mana sabuwar tukunyar da ta saya dominmu, ta ce naman ma wurin mahauci Musulmi ta aika, kada mu yi wani tunani. Sai dai a gidanta kowa a tebur ɗaya yake ci. Baffa ya zauna hannu a cinya kamar ba shi aka ajiye wa ba. Na ɗauki kwanona na fice bayan gida, na ci gwatena a tsaye ƙarƙashin rumfar kaji, ana yayyafi.

Washegari a asibiti layi ya yi tsawo, tsofaffi daga ko'ina, kowa da mai jansa. Da aka zo kanmu likita ya haska idon Baffa ya ce yanar ta nuna, aikin mai sauƙi ne. Bai rufe baki ba Baffa ya sarƙe da tari, ya bi shi da atishawa uku a jere. Likitan ya ajiye fitilarsa. Ya ce ba zai sa wuƙa a idon mai tari ba, don atishawa ɗaya ana tsakiyar aiki ta isa ta lalata idon gaba ɗaya. Ya rubuta magani, ya ce mu dawo jibi, ranarsu ta ƙarshe. In tarin bai kwanta ba, sai dai wata shekarar, in sun dawo.

A bakin ƙofa Baffa ya tsaya ya dogara sandarsa. "To," ya ce wa iska, "Allah bai yi ba. A mai da ni gida."

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan lokacin ba. An ba ni amanar mutum in kare shi daga zafi, na je na kashe masa ido da sanyi. Na kira Adama na faɗa mata. Da ta yi faɗa da na ji sauƙi, amma sai kawai ta ce, "To, Malam," ta kashe.

Mama Kaneng ce ta ƙi. Ta ce ba mai fita gidanta da tari. Ta aika aka yanko ganyen darbejiya da ciyawar lemun tsami da citta, ta tafasa a babbar tukunya, ta ajiye tsakar ɗaki, ta kawo kujeru biyu 'yan tsugune da wani bargo mai nauyin buhu. Sirace za a yi. Ni ma a lokacin atishawa nake kamar ana biyana.

"Mama, a fara yi wa Baffa," na ce, "ni daga baya."

"Daga baya tururin ya tafi. Tukunya ɗaya gare ni, bargo mai kauri ɗaya. Wannan kunyar taku ku cire ta a waje tare da takalma. Oya, ku zauna!"

Matar da ta yi shekaru tana juya majinyata ba a yi mata gardama. Kafin mu farga ta danna mu, ta kifa mana bargo. Duhu ya rufe, tururi ya shaƙe mu, gwiwata na gogar gwiwar surukina. Na yi ta addu'a ƙasa ta buɗe. Ba abin da ake ji sai jan hanci.

"Malam."

Ban taɓa jin ya kira ni kai tsaye ba. Na ce, "Na'am, Baffa."

"Wancan abu na motarka. Ba shi da wurin kashewa ne?"

"Yana da shi, Baffa."

"To me ya hana?"

"Na ji tsoro kada ka ce tsumin mai nake yi."

"Mai?" Ya ja numfashi. "Ni an ce min domina ka sa shi. Yaya zan buɗe baki in ce ya ishe ni? Wallahi tun daga Akwanga ban san inda ƙafafuna suke ba. Da jami'in shingen nan ya ce gawa, na ce a raina yaron nan bai yi ƙarya sosai ba."

Dariya ta kufce min. Sai na ji bargo na girgiza, ashe shi ma ita yake yi, yana tari yana dariya, har yana dafa kafaɗata don kada ya faɗa tukunya. Daidai nan Mista Pam ya iso daga Keffi ganin mahaifiyarsa, ya turo ƙofa ya ga bargo na rawa da ƙafafu huɗu a ƙasa. Abin da ya gani ke nan, sauran duk ƙari ne.

Baffa bai ƙara maganar gida ba. Muka sha magani, muka sha farfesu mai yaji, muka koma ƙarƙashin bargo safe da yamma ba tare da an tura mu ba, kodayake da an ɗaga shi kowa ke komawa kallon bangonsa. Ranar ƙarshe ma'aikaciyar jinya ta sa abin aunawa a ƙirjinsa ta daɗe tana saurare, ni kuma na riƙe numfashi kamar nawa ake ji. Ta ce a shiga da shi. Ido ɗaya suka yi, na dama.

Da aka cire bandeji washegari, ya kalli likita, ya kalli tafin hannunsa ya juya shi, ya kalli Mama Kaneng ya yi mata godiya. Ni bai kalle ni ba, ban kuma sa rai ba. Amma da muka fito ya tsaya gaban motar ya daɗe yana dubanta ta cikin baƙin tabaran da aka ba shi.

"Ashe 'yar wannan ce," ya ce.

Na buɗe bonet a gabansa na zare jar wayar, na nuna masa ita. Ya gyaɗa kai.

Dawowa gilashina a buɗe, nasa a ɗan sassauce saboda idon. Duk garken da muka wuce sai ya faɗi ra'ayinsa: waɗannan ba sa samun gishiri, wancan bijimin ya tsufa a sayar. Muna gangarowa zafi na ƙaruwa, ni kuwa ina marhabin da shi kamar ɗan'uwa. Da muka kusa mararrabar da zan karya zuwa Agwada na kunna sigina.

"Akwai mai a motar?" in ji Baffa.

"Akwai, Baffa."

"An ce Keffi ta girma. A bi ta can."

Na kashe siginar, na miƙe hanyar Keffi.

La'asar sakaliya muka shiga Liman Abaji, gari ya ɗau zafi, ko ganye ba ya motsi. Adama ta ji ƙarar motar ta fito bakin get, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya riƙe da ƙofa, ciki a gaba. Na san yadda za a yi: za ta matso ta durƙusa daga nesa kai a ƙasa, shi kuma ya kalli wani wuri ya tambayi mutanen Keffi. Rabon da ya ga fuskarta tun tana yarinya mai tallan nono.

"Ɗaga gilashin," ya ce da sauri. "Duka."

Na ɗaga. Nan take motar ta zama tanda.

"Je ka mayar da wayar nan taka."

Na dube shi. Mutumin da abin nan ya kusa raba shi da ido. Ban dai yi musu ba, na fita, na yi wa Adama alama ta dakata, na ɗaga bonet na maƙala wayar, kwamfireso ya ɗauka. Daga inda take tsaye ba abin da take gani sai baƙin gilashi. Ni kuwa ta 'yar tazarar da ke ƙarƙashin bonet ina hango shi ta gilashin gaba. Ya cire tabaran. Ya matso da fuskarsa dab da taga, iskar na kaɗa jelar rawaninsa, yana kallon 'yarsa ta fari ido buɗe, ba ƙiftawa, ruwa na bin kumatunsa, har da ɓangaren idon da ba a taɓa ba.

"Malam," Adama ta ɗaga murya, "me ya lalace kuma?"

"Ba komai," na ce, na ƙara cusa kaina cikin injin. "Wata waya nake nema. Tsaya nan inda kike, kada ki matsa."